Daga fentin ɗaki zuwa kwanan tanti: yadda za ku tafiyar da dogon hutun bazara da ƙananan yara

Makon farko na dogon hutu yakan wuce lami lafiya, yara sun gaji da makaranta, barci kawai suke so da wasa. Daga mako na biyu ake fara jin "Mama, ni na gaji da zama", sai faɗa ya tashi kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ga aikin gida da aka daɗe ana ɗagewa, ga alkawarin fita da aka yi musu tun watannin baya. Abin da ya fi sauƙi shi ne a miƙa musu waya a samu sarari, fitar kuma a ce sai wani hutun.

Mu a gidanmu, da 'yar shekara 7, da ƙaninta ɗan shekara 4, da autarmu 'yar wata 9, mun haɗa abubuwan ne wuri ɗaya. Aikin gida ya zama na kowa, kuma shi ya shirya yaran kwana biyu a tanti a ƙarshen hutun. Yaron da ya saba a ba shi aiki na gaske, ya saba jin "riƙe nan" da "dakata", shi ne za ku ce wa "tsaya nan" a bakin wuta ya tsaya. Ga yadda za ku bi.

Ku fara da takarda da biro

Kafin a sayi ko burushi ɗaya, ku zauna ku biyu bayan yara sun kwanta, ku zana makonnin hutun a takarda. Abu uku za ku sa: aikin gida guda ɗaya, kwana ɗaya a tanti a tsakar gida, sai tafiya ta gaske. Aiki ɗaya na ce, domin abin da babba zai gama a yini, da yara sai ya ci kwana uku. Ku yarda da haka tun farko, kada ranku ya ɓaci daga baya.

Tafiyar ku sa ta kusa da ƙarshe, amma ku bar mako guda a bayanta. Ruwan sama ko zazzaɓin yaro na iya sa a ɗage, kuma kuna buƙatar 'yan kwanaki ku maido da lokacin kwanciya kafin a koma makaranta. Barcin nan kada ku sake shi don ana hutu. Ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar awa 11 zuwa 14 cikin awa 24, har da barcin rana. Ɗan 3 zuwa 5 awa 10 zuwa 13. Ɗan 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. Rigimar da muke kira rashin ji, sau tari barci ne ko yunwa. Game da waya da talabijin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa jariri kada ya kalla sam, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ba za ku iya riƙe wannan ƙa'idar da baki kawai ba, sai kun ba su abin yi a madadinsa.

Aikin gida: fentin ɗakin yara da kafa kantar littattafai

Fenti muka zaɓa don yaro yana ganin sakamakonsa nan take, kuma kuskurensa yana gyaruwa.

Ku fara duba tsohon fentin. Idan gidan ya daɗe kuma fentin yana ɓarewa, musamman fentin mai na ƙofofi da tagogi, kada ku kankare shi a bushe ko ku goge shi da sanfefa. Tsofaffin fenti da yawa suna ɗauke da dalma. Amurka ta hana sa ta a fentin gidaje tun 1978, amma har yau akwai ƙasashen da ba su da irin wannan dokar. Ƙurar dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma babu wani ƙanƙanin adadi da aka san ba ya cutarwa. Yaro mai rarrafe da ke kai komai baki shi ya fi shiga haɗari. In kuna shakka, ku fitar da yara daga gidan, a jiƙa wurin kafin a kankare, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, ko ku bar wa wanda ya san aikin. Sabon fentin kuma ku sayi na ruwa, ku karanta jikin gwangwanin ku tabbatar ba shi da dalma.

Sai awo, kuma nan babbar yarinya ta fara aiki. Ita ta riƙe bakin tef, babanta yana karanto lamba, ita kuma tana rubutawa. Ɗaki mai mita 3 da mita 4, kewayensa mita 14 ne. In tsayin bango mita 2.7 ne, kun samu kusan murabba'in mita 38. Ku cire ƙofa da taga, ya rage kamar 34. Shafi biyu za a yi, 68 ke nan. Lita ɗaya takan rufe murabba'in mita 10 zuwa 12, don haka lita 6 zuwa 7 za ta ishe ku. Sabon bango ko mai kaushi ya fi shan fenti, ku ƙara kaɗan.

Ranar farko share fage kawai za a yi: a fitar da kaya, a shimfiɗa leda ko tsohon zanen gado, yara su goge bango da jiƙaƙƙen tsumma iya inda hannunsu ya kai, babba ya toshe ramuka ya manna tef a gefen soket da taga. Rana ta biyu shafin farko. Babba ya fara zagaye kusurwoyi da sama da burushi, sannan a ba kowane yaro ƙaramar rola da nasa yankin a tsakiyar bango. Ku zuba musu fenti kaɗan a faranti, gwangwanin ya zauna a rufe inda ba sa kaiwa. Minti 20 zuwa 30 ya ishe su, da safe kafin su gaji. Fentin ruwa yakan bushe a taɓa cikin kamar awa ɗaya, amma shafi na biyu sai bayan awa 2 zuwa 4, ko yadda aka rubuta a gwangwanin.

Ɗanmu ya dinga juya rolarsa wuri ɗaya har fenti ya fara tsiyaya zuwa ƙasa. Babansa ya miƙa hannu zai karɓa, na ce, "Baban yara, bar shi ya gama." Ya durƙusa ya nuna masa sau ɗaya yadda ake matse rolar a faranti, sannan ya koma gefe. Da dare muka bi wurin da shafi na biyu. Washegari yaron ya ja hannun duk wanda ya shigo gidan ya kai shi gaban bangon: "Nan ni na yi." In za ku gyara aikin yaro, ku gyara bayan idonsa. Wannan ne abin da Maria Montessori, masaniyar ilimin yara 'yar Italiya, ta lura da shi a gidan yaran da ta buɗe a birnin Rum a 1907, inda ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsayinsu, ta bar su suna shara da wanke-wanke da kayan gaske: yaro yakan natsu idan aikin da ke hannunsa na gaske ne.

Abu uku kada ku yi sakaci da su. Bokitin wanke burushi a zubar da ruwansa nan take, domin yaro mai koyon tafiya nauyin kansa yakan rinjaye shi, in ya kifa ciki ba ya iya fitowa, kuma ruwan da bai wuce santimita 5 ba ya isa ya halaka shi, ba tare da ihu ba. Tsani a kwantar da shi ƙasa duk lokacin da babba zai fita. Jariri kuma ba shi da aiki a ɗakin. A bar tagogi a buɗe, a yi kwana biyu ko uku kafin a koma kwana a ciki.

Kantar ku kafa ta daidai tsayin yara, don su riƙa ɗauko littattafansu su mayar da kansu. Ko ta rataye ce ko ta tsaye, ku ɗaure ta da bango da sukuru, haka ma kowace durowa mai tsayi, don yara suna hawa kuma kayan suna rinjayowa a kansu. Kafin ku huda bango ku kauce wa saitin soket da makunnin wuta, ta nan waya takan bi. Mun ba yarinyar kwano ta ƙirga sukurori 12, duk wanda aka ɗauka ta rage, a ƙarshe lissafi ya cika. Wannan ƙirgar ita ke hana ɗaya ya ɓuya a ƙasa jaririya ta tsinta.

Kwana ɗaya a tsakar gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan matakin shi mutane suka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ya fi kowane muhimmanci.

Tantin da aka rubuta na mutum 4, ana nufin mutum 4 kwance kafaɗa da kafaɗa ba kaya. Ku biyar ne, ku nemi na 6. Ku tabbatar yana da rufi na biyu mai tare ruwa, da raga a ƙofa da tagogi. In za ku iya ara ku ara tukun. Ku kafa shi da rana a tsakar gida, in ba fili a falo. A share tsakuwa da ƙaya, a shimfiɗa leda wadda ta ɗan fi gindin tantin ƙanƙanta. In ta leƙo waje, ruwan sama zai taru a kanta ya kwarara ƙarƙashinku. A zura sanduna, a ɗaga, sannan a buga turaku a karkace, kan turken yana kallon waje, a ja igiyoyi su yi tauri. Yaro ɗaya ya riƙa miƙo turaku yana ƙirgawa, ɗaya ya riƙe sanda. Ku rubuta adadin turakun a jikin jakarsu.

Ku kwana a ciki har safiya, da ainihin shimfiɗar da za ku tafi da ita. A wannan daren muka gano abubuwan da ba wanda zai gaya mana. Ɗanmu da ke ta murna da rana, duhu na yi ya ji iska tana kaɗa rufin, ya ƙanƙame ni yana cewa wani abu na taɓa tantin. Babansa ya ɗauke shi suka fita da tocila, suka zagaya, ya taɓa igiyar da ke rawa da hannunsa, suka ɗaure ta tare. Ya dawo ya kwanta. Da a daji wannan ya fara faruwa, da wuya mu kai safe. Mun kuma gane cewa sanyin asuba daga ƙasa yake shigowa, don haka abin da ke ƙarƙashin yaro ya fi bargon da ke kansa muhimmanci. Da safe muka tarar da cikin rufin ya jiƙe alhali ba a yi ruwa ba: numfashinmu ne ya taru, saboda mun rufe ko'ina. A bar kafofin iska a buɗe.

Jaririn da bai kai shekara ba a kwantar da shi rigingine a kan shimfiɗa mai tauri, shi kaɗai, ba matashi ba tarin bargo, kuma kada a sa shi cikin jakar barcin manya. Ƙaramin gadon tafiya mai naɗewa ya fi, da gidan sauro a kansa.

A tsakar gidan nan kuma za ku koya musu dokokin. Kowane yaro a rataya masa usur da ƙaramar tocila. Dokar ɓata ɗaya ce: in ka duba ba ka ga Mama ko Baba ba, ka tsaya inda kake, ka rungumi itace mafi kusa, ka busa usur sau uku, ka huta, ka sake. An fara koyar da wannan darasin a Kalifoniya a 1981, bayan wani yaro ɗan shekara 9 ya ɓata a dutsen Palomar aka same shi ya rasu, domin yaron da ke ta tafiya yana ƙara nisa da masu nemansa ne. Ku mayar da shi wasa, ku yi ta maimaitawa. Ku kuma faɗa musu ba za a yi musu faɗa ba in sun ɓata, don wasu yaran sukan ɓuya wa masu kiran sunansu saboda tsoro.

Zaɓen wuri da haɗa kaya

Tafiyar farko kada ta wuce awa ɗaya ko biyu a mota, kuma kwana ɗaya ko biyu. Ku zaɓi wurin da aka tanada don masu kwanan tanti, mai ruwa da banɗaki da masu kula. Ku san asibiti mafi kusa da hanyarsa, ku duba hasashen yanayi, ku gaya wa wani ɗan'uwa inda za ku da ranar dawowa.

Ku raba kaya kashi-kashi: na barci, na girki, na sawa, na magani. Kowane yaro da 'yar jakarsa da zai haɗa da kansa, ku duba daga baya. Ruwa ku lissafa kamar lita 4 ga kowane mutum a rana, ku ƙara in ana zafi. In dole sai kun ɗebi na rafi, ku tace ku tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, a kan tsauni mai tsayin sama da mita 2,000 kuma minti 3. Abinci ku ɗauki wanda suka saba, ba nan ne wurin gwada sabon abu ba. Mai lalacewa ya zauna a kula da ƙanƙara, ɗanyen nama a ƙasa cikin leda mai rufewa, kuma dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, awa ɗaya in zafi ya haura digiri 32.

Akwatin magani: filasta, bandeji, maganin wanke ciwo, matsefata, ma'aunin zafin jiki, farasitamol na yara, da gishirin zawo na fakiti. Kada a ba yaro asfirin. In fakitin gishirin zawon ya ƙare, a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ƙananan batura masu kama da maɓalli ku killace su, haɗiye ɗaya na iya ƙona maƙogwaron yaro cikin awa biyu.

A hanya, ko na minti biyar kada a bar yaro a mota a rufe. Zafin cikinta yakan ƙaru da kusan digiri 10 cikin minti 10, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi.

A wurin zango

Ku isa da sauran rana, aƙalla awa uku kafin faɗuwarta. Ku kafa tanti a shimfiɗaɗɗen wuri mai ɗan tudu, nesa da bakin ruwa. Kada ku kafa a kwari ko busasshen rafi, ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa yana iya cika shi cikin dare. Ku ɗaga kai ku duba ko akwai mataccen reshe a samanku. Sannan ku kama hannun yara ku zagaya da su, ku nuna iyaka da abin da ido ke gani: daga wannan itacen zuwa wancan dutsen. Kowa ya koma kan aikin da ya koya a gida. Haka Baden-Powell, wani hafsan sojan Birtaniya, ya yi a 1907 da yara maza kimanin 20 da ya kai tsibirin Brownsea a Ingila, zangon da ya haifar da ƙungiyar Sikawut: ya raba su rukuni-rukuni, ya ɗora musu alhakin ayyukan zangon.

Wuta ta yi nisan aƙalla mita 5 da tanti, ta ɓangaren da iska ba za ta kai tartsatsi gare shi ba. Ku ja layi a ƙasa kewaye da ita, taku uku na babba, yaro ba ya tsallakewa sai da babba. Kashe ta da ruwa ake yi, a motsa tokar, a ƙara ruwa har ta daina huci. In kun rufe ta da ƙasa kawai, garwashin yana nan da zafinsa har washegari, yaro kuma ba takalmi yake fitowa da safe. In ƙuna ta faru, a zuba ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ba ƙanƙara, ba mai, ba man goge baki.

Wannan kuma ina roƙonku ku riƙe shi da kyau: gawayi, risho, murhun gas, fitilar kananzir, ko ɗaya kada ya shiga tanti, ko ana ruwa, ko ana sanyi, ko garwashin ya yi kamar ya mutu. Suna fitar da iskar kabon monoksayid wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci, kuma yara take fara kayarwa. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya ga mutum fiye da ɗaya lokaci guda alama ce, a fita iska nan take a nemi asibiti.

In akwai rafi ko tafki, babba ɗaya ya zama aikinsa kallon yara kawai, ba waya ba hira, kuma a faɗa da baki idan za a canja: "Yanzu ke ce a kansu." Haɗari yakan faru ne lokacin da kowa yake zaton ɗayan na kallo.

Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma a nemi inuwa, da hula, da ruwa akai-akai. Fitsari mai duhu ko ƙaranci, bushewar baki, kuka ba hawaye, alamun ƙarancin ruwa ne. Jaririn da bai kai wata 6 ba a tsare shi daga rana gaba ɗaya. Maganin shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET ba a shafa wa wanda bai kai wata 2 ba. Ga sauran yara, mai kashi 10 zuwa 30 cikin 100 ya isa, ku shafa a hannunku tukun sannan a jikinsu, ban da tafin hannu da kusa da ido. Kowane dare ku duba bayan kunne, hammata, cikin gashi da bayan gwiwa. In kun ga kaska, ku kama ta da matsefata dab da fata ku ja a miƙe a hankali. Takalma a kakkaɓe kafin a sa saboda kunama. Saran maciji ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa tamau. A hana gaɓar motsi, a ɗauki yaron zuwa asibiti.

In kun ji tsawa, tanti ba mafaka ba ne, gindin itace ma haka. Ku shiga gini ko mota mai rufin ƙarfe, ku rufe gilashi, ku jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Yara suna son ƙirga tazarar walƙiya da ƙararta: kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita ɗaya ce, kuma ƙirgar tana rage musu tsoro.

Da dare ku bi tsarin gida sak: wanke hannu da fuska, goge baki, labari ɗaya, abin da yaro ya saba rungumewa. Fo ɗin ƙaramin ya kwana a bakin tanti. In tsakar dare abin ya gagara, yaro yana zazzaɓi ko ruwa ya shigo, ku tattara ku koma gida ba tare da jin kunya ba, za ku sake zuwa.

Tashi da dawowa

Ku bar rana ta ɗan busar da raɓa kafin ku naɗe. A ba kowane yaro leda ya tsince shara, tamu da wadda muka tarar. In tantin ya shiga jaka da laima, ku baza shi da zarar kun isa gida ya bushe sarai, in ba haka ba zai yi fumfuna da wari cikin 'yan kwanaki. A daren nan, tun ba ku manta ba, ku rubuta abin da kuka ɗauka ba ku taɓa ba da abin da kuka nema kuka rasa, ku sa takardar cikin jakar tantin.

Mun gama ɗaure kaya za mu shiga mota, yarinyar ta ce a dakata. Ta zazzage jakar turaku a ƙasa ta ƙirga, 13, a jikin jakar kuma an rubuta 14. Ita da ƙaninta suka koma inda ciyawa ta kwanta da siffar tantin, suka bi ta kusurwa-kusurwa a durƙushe, har ya ɗago shi daga gefen da igiyar baya ta kama.